Gurbi na Biyar

Ranar Talata aka dawo da Sista Veronica daga asibiti, kwance a kujerar bayan mota, likitoci sun ce babu sauran abin da za su yi mata. Ina zaune a ƙofar zaurena lokacin da 'yarta Prisca da direban suka tallafo ta za su shiga da ita. Ta ɗaga hannu ta tsayar da su.

"Malam Hadi, sannu da zuwan ma sai an roƙe ka?"

"Sannu da zuwa, Sista."

"Ji shi, kamar an matse shi da ƙofa. Gobe ka shigo, ina da aikin da zan ba ka."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara ashirin da shida. Nas ce, ta zo Birnin Kudu aiki tana budurwa, ta yi aure a nan, ta binne mijinta a nan, kuma Hausarta ta fi ta rabin ɗaliban da na koyar a Gwaram. Ita ta yi jinyar matata Kubra a makonni bakwai na ƙarshe. Shekara tara ke nan da rasuwar Kubra, ba ni da abokan hulɗa sai littattafai, sai kuma kajin Sista da suke shigowa ta rariya suna tone mini yakuwa.

Washegari da hantsi na same ta a baranda kan katifa, an jingina ta da matasai uku, inuwar lemun tsaminta ta rufe mata ƙafafu. Ta rame har agogonta ya koma kusa da gwiwar hannu.

"Labari na rubuta," in ji ta, tana nuna mini waya. "Babi goma sha ɗaya, da yatsa ɗaya, a kan gadon asibiti. Na ɗora shi a shafin nan na intanet da ake karanta labarai. Mutum shida suka karanta, huɗu 'yan cocinmu ne. Prisca ta ce don ban sa tag ba ne."

Prisca ta yi mini bayani. Shafin yana ba kowane labari gurbi biyar a ƙarƙashin sunansa, a sa kalma ɗaya a kowanne. Mai neman abin karantawa kalmar da yake so yake taɓawa, sai labaran da ke ɗauke da ita su fito masa. Wanda ba a sa masa ba, sai dai ya zauna kamar shago a bayan tasha. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa yara gano jigon labari, ban taɓa zaton jigo zai koma abin da ake latsawa da yatsa mai maiƙon awara ba.

"Kai ne masani," in ji Sista. "Ka karanta ka zaɓo mini biyar. Ina so in ga mutum ɗari sun karanta kafin in tafi."

"Ki tafi ina?"

"Malam, ni fa nas ce."

Prisca ta turo mini labarin a wayata. Tun babi na farko na gane mutumin. Wani Malam Ƙasimu ne, matarsa Zahara'u tana kwance a asibiti, shi kuma yana zaune a gefen gado da littafi, yana karanta mata, yana gyara rubutun sanarwar da aka manna a bango, yana yi mata faɗa don ba ta shanye kunu ba. Sista ta mai da garin matar Zandam maimakon Fagam. Ban da sunayenmu ni da Kubra, iyakar ɓoyon da ta yi mini ke nan. Ko zaren da na ɗaure ƙafar tabarau da shi ba ta canja masa launi ba.

A babi na takwas matar ta ce masa ya ajiye littafin ya riƙe mata hannu. Ya ce bari ya ƙarasa shafin. An yi haka kuwa, ranar wata Lahadi, kuma ban san da wani a tsaye a bayan labule ba. A nan na kife wayar.

Na koma mata da takarda, na rubuta kalmomin da jan biro: asibiti, jinya, aure, mutuwa, nadama. Ta shigar da huɗun farko a hankali, harshenta a tsakanin haƙora. Ta tsaya.

"Na biyar ɗin ba shi ba ne. Soyayya za a sa."

"Lallai. Ki sa, kafin la'asar kin samu ɗarinki. Su shigo neman saurayi mai mota, su tarar da tsoho da kwanon tofa yawu."

"Ba don jan mutane na ce ba."

"To ƙarya ce. Mutumin nan bai iya komai ba sai gyara. Ya gyara mata gishiri, ya gyara mata magana, tana mutuwa yana gyara bango. Ina soyayyar?"

"Ka karanta babi na ƙarshe?"

"Na karanta abin da ya ishe ni."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Prisca ta kawo ruwa da gudu.

"Malamin adabi! Da ɗalibi ne ya faɗa maka haka, da ya kwana da tabon bulala."

"Labarinki ne, ki sa abin da kika ga dama."

"Rubutun nawa ne, mutumin naka ne. Ba zan sa ba sai na ji daga bakinka. Gurbin yana nan yana jiranka."

Kwana tara ban taka gidan ba. Ta kan katanga nake jin komai: matan coci suna waƙa da yamma, Prisca tana daka, tarin Sista yana ƙara tsawo. Kowace safiya sai na buɗe shafin na duba adadin masu karatu. Sha huɗu. Sha tara. Ashirin da uku. Na san kalma ɗaya za ta kai ta ɗarin, na san kuma a bakina kalmar take. Amma ni da na ƙi ajiye littafi saboda mace mai mutuwa, ba zan yarda a rataya mini lambar yabo ba. Haka nake faɗa wa kaina, kuma na iya faɗa wa kaina magana mai tsari.

A kwana na shida Prisca ta yi sallama a zaure.

"Baba, Mama ta ce a tambaye ka, wai ka gama makin takardar?"

"Ki ce mata ina dubawa."

"Ta daina cin abinci fa, Baba."

"Ki ce mata ina dubawa."

Ranar Asabar ruwa ya tsare ni a ɗaki tun safe. Na ɗauki wayar, na wuce babi na tara da na goma. A na ƙarshe, nas ɗin da ke jinyar Zahara'u ta ɗauki littafin da Malam Ƙasimu ya bari a kan durowa ya tafi salla. Ta ji shi jiya yana karanta ƙarshensa: matar da ke cikin littafin ta warke, ta tashi ta share tsakar gida, ta tafi garinsu lokacin yankan gero. Nas ta buɗe shafin ƙarshe, ta tarar matar mutuwa ta yi. Ta ɗago kai, sai ta ga Zahara'u tana kallonta.

"Sista, na sani," in ji ta. "Ya taɓa karanta mini shi ina amarya. Duk littattafan nan haka yake yi musu, ba ya barin kowa ya mutu. Kada ki gaya masa na gane. Ki bar shi ya yi ta karatunsa. Shi haka yake riƙe hannu."

Ban san Kubra ta gane ba. Shekara tara ban sani ba.

Na zura takalmi, ban nemi lema ba. Taku ashirin ne daga zaurena zuwa ƙofarta. Na tarar da takalman mata jere a baranda ruwa yana dukansu, katifar an naɗe ta an jingine da bango. Prisca ta fito, idanunta jajur.

"Yanzun nan, Baba. Ba a yi rabin awa ba."

A nan Birnin Kudu aka binne ta, kusa da mijinta. Na tsaya a bayan mutane har aka gama. Bayan kwana uku na ce wa Prisca ta buɗe mini wayar Sista, akwai abin da zan ƙara.

Ta juya wayar a hannunta.

"Da yatsarta take buɗewa, Baba. Lambar sirrin shafin ma ban san ta ba."

Labarin yana nan. Jiya adadin ya kai arba'in da ɗaya. A ƙarƙashin sunansa akwai kalmomina huɗu a jere, sai ɗan fili fari a ƙarshensu.

Prisca ta koma wurin aikinta ta bar mini kajin. Da hantsi nakan fitar da kujera in zauna a gindin katangar, inda reshen lemun ya tsallako, in watsa musu tsaki. Maganar da na tafi da ita ranar nan cikin ruwa ba ta da tsawo, na tsara ta tun kafin in zura takalmi.

"Sista, na karanta. Ki sa kalmarki."