Barkono Biyar a Ganye Ɗaya

"Kar ki taɓa," in ji Gi-tae, ya tare hannun matarsa da awartakin juya nama. "Sau ɗaya ake juya shi. Sau nawa zan gaya miki?"

Hye-rim ta janye hannunta. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, da zarar an kafa tanti a bakin kogin Hongcheon sai ya zama sarkin gashi. Ita ta je wurin mahauci ta zaɓo naman cikin alade mai layin kitse uku, ita ta wanke latas ganye bayan ganye, ta ɓare tafarnuwa har yatsunta suka yi zafi. Shi kuwa ya ɗaura gyale a wuya, awartaki a dama, almakashi a hagu, yana yi wa gawayi kallon likita.

Ba wannan ne ke cin ranta ba. Bayan shekara bakwai tana zaune a gida, wani kamfanin zanen gine-gine a birnin Suwon ya ɗauke ta aiki, kuma jibi Litinin za ta ba su amsa. Matsalar ita ce 'yarsu Da-on tana aji ɗaya, ƙarfe ɗaya ake tashinsu, kuma babu mai riƙe ta sai kakarta. Kakar kuwa, Pyo Sun-rye, ta sha faɗa a gaban dangi cewa ta yi renon nata ta gama, ba za ta yi na wani ba. Sati uku ke nan Gi-tae yana cewa a bar masa, uwarsa ce, ya san ta inda zai ɓullo mata. Saboda maganar aka shirya wannan fita. Ga shi rana ta yi tsaka, tsohuwa na zaune a kujerar naɗewa tana fifita da hularta, shi kuma ya ɓuya a bayan hayaƙi.

"Baban Da-on," Hye-rim ta ce ƙasa-ƙasa, "ba ka da magana da Mama ne?"

"Ki bari wutar ta daidaita."

Wuta ta daidaita. Ya yanka naman da almakashi, ya jera wa uwarsa a faranti, ya ɗora kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, a gefen ragar gashi inda kitse ke gangarowa. Tsohuwa ta ci, ta ce ba laifi. Da-on ta cika cikinta ta koma bakin ruwa wurin sauran yara.

"To, yanzu fa?"

"Haba, ana maganar kirki kan nama yana ƙonewa?"

A nan Hye-rim ta ƙulu. Ta juya musu baya kamar mai neman wani abu a akwatin ƙanƙara, ta zaɓi latas mafi faɗi, ta shimfiɗa nama yanka biyu. Sannan ta ɗauko ɗanyen barkonon Cheongyang, irin wanda guda ɗaya ke sa mijinta shaƙuwa, ta kakkarya biyar ta jera, ta bi su da tafarnuwa uku, ta lulluɓe da kwaɓin daddawar waken soya. Ta naɗe ganyen tsaf, ko alamar ɓaraka babu. Kowa ya san ƙa'idar ƙunshi: ba a gutsura, ba a buɗewa a duba, loma ɗaya ake yi masa, kuma wanda aka miƙa wa da hannu ba ya cewa a'a.

"Ka sha hayaƙi, maigida," ta ce da murya kamar zuma. "Ce aa."

Gi-tae ya dubi ƙunshin, ya dubi uwarsa, fuskarsa ta washe kamar wanda dabara ta faɗo wa daga sama. Maimakon ya buɗe baki sai ya ajiye almakashi ya karɓa da hannu, har da kashe wa matarsa ido.

"Mama, dubi abin da Uwar Da-on ta ƙunsa miki da hannunta. Tun ɗazu take zaɓen ganye."

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shekara tara da aure, tsakanin Hye-rim da surukarta sai gaisuwa da rusunawa, ba ta taɓa sa mata loma a baki ba.

"Mama, wannan ya yi girma, kawo in sake miki wani."

"An taɓa mayar da ƙunshi?" in ji tsohuwa. Ta ajiye tsinkayen cin abincinta, ta gyara zama, ta buɗe baki. Ɗanta ya tura mata shi gaba ɗaya.

Ta tauna sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta tsaya cak. Kunnuwanta suka yi ja, gumi ya tsattsafo a goshinta, ta kama hannun kujera ta riƙe gam. Amma ba ta tofar ba. Ta ci gaba da tauna a hankali, idonta a kan surukarta, hawaye na bin kumatunta layi biyu.

"Mama, kuka kike yi?" Muryar Gi-tae ta karye. Ya juya ga matarsa. "Kin gani? Tun yaushe nake gaya miki tana ƙaunarki, faɗa ce kawai ba ta iya ba." Har ya fara laluben wayarsa zai ɗauki hoto.

Tsohuwa ta haɗiye. Ta ɗauki robar ruwa ta shanye rabi, ta share hanci da gyalenta.

"Gi-tae," ta ce, murya a dushe, "je kantin bakin ƙofa ka sayo mini askirim. Kar ka yi sauri."

Ya miƙa wa matarsa awartakin, abin da bai taɓa yi ba, ya tafi yana waiwaye yana murmushi.

Kitse na ta tsartsatsi a kan gawayi. Hye-rim ta tsaya da kanta a sunkuye, tana jin aikin Suwon na tafiya da ruwan kogin. Kunya ta ishe ta, kuka ma take so ta yi.

"Nawa kika sa?"

"Biyar, Mama."

"Da tafarnuwa."

"Uku. Ki yafe ni, ba ke na..."

"Na san ba ni ba ce, ai ban haukace ba. Juya naman nan zai ƙone. Me ya yi?"

Hye-rim ta juya naman, ta kwashe labari tun daga takardar kamfani har zuwa Litinin ta faɗa mata. Tsohuwa tana saurare tana hura iska da baki.

"Sati biyu ke nan da Da-on ta gaya mini," ta ce. "Ina zaune ina jiran in ga ranar da wannan ƙaton zai yi magana. Ubansa ma haka yake, sai da na gaji na nemi auren kaina a madadinsa." Ta sake kurɓar ruwa. "Ke kuma me ya hana ki? Bakinki ciwo yake yi?"

"Kin ce ba za ki yi renon na wani ba."

"Na faɗa. Wa ya tambaye ni tukuna? Kowa sai ya kewaye ni kamar kududdufi. Shekara tara kina sunkuya mini, yau ce rana ta farko da na ɗanɗana halinki." Ta ja majina. "Yana da yaji."

Hye-rim ta ajiye awartakin, ta haɗa hannuwanta biyu a gaba.

"Mama, ina son aikin nan ƙwarai. Ki taimaka ki riƙe mini Da-on da rana."

"Litinin zuwa Alhamis. Juma'a ina da ajin rawa, ba na fasawa ko sama za ta faɗo. Ranar sai ubanta ya san yadda zai yi da ogansa."

Hye-rim ta rusuna har gashinta ya kusa taɓa raga. Da ta ɗago, sai ta ga surukarta ta shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu tana zaɓen nama.

"Barkonon saura nawa a leda?"

"Shida, Mama."

"Miƙo su duka."

Can sai ga Gi-tae tafe da leda a hannu. Ya hango su kai da kai, kafaɗa na gugar kafaɗa, ya rage tafiya don ya more kallon aikinsa.

"Na gaya miki ki bar mini," ya raɗa wa matarsa da ya iso.

"Zo nan, ɗana," in ji tsohuwa, ta ɗaga ƙunshin da hannu biyu. "Tun safe kake ciyar da mu, ko loma ba ka sa ba."

Ya durƙusa a gabanta kamar ɗan shekara biyar, ya rufe ido, ya wangale baki. Hye-rim ta sa ƙafa a hankali ta tura robar ruwan ƙarƙashin tebur.