Hoton Yohanna a Gidan Mai

Hannah tana tsame soyayyar doya daga kasko a rumfarta da ke bakin tasha, sai wani ɗan acaba da ya saba karyawa a wurinta ya tsaya, ko babur bai kashe ba, ya miƙo mata waya.

"Maman Ruth, duba nan. Wannan ba maigidanki ba ne?"

Shi ne. Yohanna ne a tsugune a gidan mai da jar rigarsa ta aiki, yana ɗaure jarkoki biyu a bayan babur, ga buhun burodi a kan tanki. An zagaye kansa da jan layi. A ƙasa an rubuta: "Mutanen Kontagora ku riƙe fuskar nan. Shi ke kai wa 'yan bindiga mai da abinci. Tura wa na kusa da kai."

"Wa ya sa wannan?"

"Shafin Prince ne, mai labaran gari. Tun safe ake ta turawa. Ni kaina mutum huɗu suka turo mini."

Hannah ta san ranar da aka ɗauki hoton. Mako biyar da suka wuce 'yan bindiga suka tare mota a hanyar Beri suka kwashe fasinjoji, har da Lailatu, matar Malam Nu'uman. Shekara goma sha ɗaya ke nan Nu'uman da Yohanna suna gidan haya ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, rijiya ɗaya suke ɗiba. Bayan dangi sun gama haɗa abin da aka nema, sai mutanen dajin suka ƙara sharaɗi: a kawo mai da burodi da maganin zazzaɓi, kuma mutum ɗaya kawai zai zo, a kan babur. 'Yan'uwan Nu'uman kowa ya sunkuyar da kai. Shi Nu'uman robobi yake sayarwa a kasuwa, ko keke bai iya ba. Ya zo ƙofar Yohanna ya durƙusa yana kuka. Yohanna mutumin Dukku ne, shekara ashirin yana acaba, ya san hanyoyin daji. Hannah ta ce kada ya je. Ya ce, "Da ke aka ɗauka fa?" Ya fita Talata da safe, ya dawo Laraba da yamma da Lailatu a bayansa, ƙafafunta duk sun farfashe.

To ga shi ranar Asabar ɗin nan an kai hari wani ƙauye wajen Ibeto, an kashe mutane. Gari ya ɗauki zafi, kowa na neman wanda zai huce a kansa.

Ta buga lambar mijinta. Wata murya daban ce ta amsa.

"Yana ofishin 'yan sa-kai. In ke ce matar, ki zo."

Ta bar kaskon a kan wuta, maƙwabciyar rumfarta ce ta sauke.

Tun daga nesa ta hango hayaƙi. Babur ɗin Yohanna ne a kwance a bakin hanya, ya ƙone saura ƙarfe. Mutane sun fi ɗari a ƙofar ofishin, da yawansu sun ɗaga waya suna ɗauka. Wani ya ce, "Ga matarsa nan!" Wata mata da ta sha cin doyarta ta tofar da yawu a gabanta. Hannah ta kutsa da kafaɗa har ta isa ciki.

Maikuɗi, shugaban 'yan sa-kai, yana zaune a benci da bindigar farauta a cinya. Dogo ne, mai furfura a gemu, kuma kowa ya san 'yan bindiga sun kashe ƙanensa bara a gona.

"Ina mijina?"

Ya nuna mata taga. Yohanna na zaune a ƙasa, ido ɗaya ya rufe don kumburi, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Ya gan ta, ya ce mata da yarensu na Dukanci ta koma ta kwashe yara daga makaranta.

Ta juyo. "Wa ya yi masa haka?"

"Baiwar Allah, da ban shigo da shi ba, da tare da babur ɗin aka ƙona shi."

"Na ce wa ya karya masa hannu? A waje ne ko a nan ciki?"

Maikuɗi ya gyara bindigar a cinyarsa. Ya ce, "Ya gaya mana wai aiken maƙwabcinsa ne. Mun kira maƙwabcin a gabansa, kowa yana ji. Ya ce bai san zancen ba."

"Nu'uman?"

"Shi. Da la'asar za mu miƙa mijinki ga jami'an tsaro. In kina da shaida ki kawo kafin nan."

A ƙafa ta tafi kasuwa, don ba ta ga ɗan acaban da za ta iya tsayarwa ba ran nan. Ta iske Nu'uman yana jera bokitai a gaban shago. Da ya gan ta, bokiti ya kuɓuce masa.

"Malam Nu'uman, ashe ba ka san zancen ba?"

"Maman Ruth, don Allah shigo ciki. Mutane na ji."

"Su ji! Don su ji na zo. Wa ya durƙusa a ƙofata? Wa ya riƙe ƙafar Baban Ruth yana cewa ba shi da kowa sai shi?"

Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. Nu'uman ya rage murya har da ƙyar ake jinsa.

"Ki fahimce ni. An hana sayar da mai a jarka, an hana kai musu komai. In na ce ni na aike shi, ni ma kama ni za a yi. Kin ga yadda garin nan yake yau, shagon nan za su ƙona. Yarana biyar. Ki bari abin ya ɗan lafa, akwai wanda na sani, zan bi ta ƙarƙashi."

"Ya lafa? An karya masa hannu, an ƙona abin da muke ci da shi, kana ce mini ya lafa? Shi da ya shiga daji ba shi da yara ne? Ƙannenka uku suna zaune ran nan, wanne ne ya tashi?"

"Wallahi ina jin kunya."

"Kunyarka za ta ɗora masa hannu? Rufe shagon mu je."

Bai motsa ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Hannah ta sa ƙafa ta tunkuɗe jerin bokitan, suka watse har tsakiyar hanya. Ta dubi mutanen da suka taru.

"Ku da kuke kallo, akwai waɗanda suka zo yi masa barka da matarsa ta dawo. Kun ci shinkafa a tsakar gidanmu. Kun san wanda ya ɗauko ta."

Kowa ya kau da kai. Wani ma ya juya yana gyara kayansa.

Ta biya makaranta ta ɗauko yaranta biyu, ta kai su gida ta kulle musu ɗaki. Tana fitowa ta ga labulen Lailatu ya motsa. Tun da Lailatu ta dawo daga daji ba ta taka ƙofar gida ba. Ba ta zancen abin da ta gani, kuma in babur ya wuce da ƙara sai ta zabura. Matan unguwa suna ta raɗe-raɗin abin da ake yi wa mata a can, ita ma ta san suna yi. Hannah ce ke kai mata ruwan zafi kullum tana gasa mata ƙafa, don haka ba ta yi niyyar sa ta cikin maganar ba.

Lailatu ta leƙo. "Yaya, lafiya? Na ji kina kuka."

"Ba kuka nake ba. Mijinki ya ce bai san Baban Ruth ya je ɗauko ki ba. Yanzu haka yana hannun 'yan sa-kai, sun ce shi ke ciyar da ɓarayi." Sai bakinta ya riga ta: "Da ya ji maganata ya bar ki can, da yanzu yana kan babur ɗinsa."

Tana faɗa ta ji nauyin abin. Lailatu ta tsaya kamar an mare ta, sannan ta saki labulen. Hannah ta zauna a bakin rijiya, ta rasa da wa ma take fushi a cikinsu duka.

Ba a jima ba Lailatu ta fito da hijabi, tana ɗingishi.

"Tashi mu je."

"Ba ki gaya wa Malam ba."

"In na dawo na gaya masa."

Keke Napep suka samu. Lailatu ta riƙe hannun Hannah gam tun daga gida har ofishin. Taron ya ƙaru. Maikuɗi ya ce su shigo ciki, Lailatu ta ce a'a, a nan ƙofa za ta yi magana, tunda a waje aka yi ƙaryar.

Muryarta ba ta da ƙarfi, dole mutane suka yi shiru. Ta faɗi sunanta da sunan mijinta da unguwarsu. Ta faɗi ranar da aka tare motarsu da kwanakin da ta yi a ɗaure a gindin bishiya. Ta ce mutumin nan da ke ciki shi ya kawo kayan da aka nema, sun sa shi ya kwanta rub da ciki, sun ɗora masa bindiga a ƙeya, shi kuma roƙonsu kawai yake su ba ta ruwa tukuna. Da babur ya kasa hawa wani tudu, a bayansa ya goya ta. Sannan ta zauna a dakali ta cire safa ta nuna ƙafafunta.

"Mijina ne ya aike shi. In laifi ne, namu ne. Ku ɗauka da wayoyinku, ai kun iya."

Maikuɗi ya tambaye ta su wa aka tsare su tare. Ta lissafa. Da ta ambaci wata tsohuwa mai suna Lahadi, wani ɗan sa-kai ya ce gwaggonsa ce, kuma ta ba su labarin wani mai jar riga da ya zo da burodi ya gutsura mata. Taron ya fara raguwa ta baya, ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya.

Aka fito da Yohanna. Maikuɗi ya ce, "Sai haƙuri. Yanayin da muke ciki ne."

"Yanayi ne ya riƙe sandar?" in ji Hannah. "Ba shi da suna?"

Yohanna ya ce, "Maman Ruth, ya isa. Kai ni asibiti."

Kashi biyu ne suka karye a wuyan hannun. Washegari da hantsi Hannah ta nemi Prince, ta same shi a shagon cajin waya, matashi mai tsabta da farin gilashi.

"Mama, ni ma turo mini aka yi. Aikina in sanar da jama'a."

"Ka san mijina? Ka tambayi wani? Gidanmu daga nan ko minti goma babu."

"Ai labari ba ya jira. Amma kin ga, in kina so in ɗauke ki bidiyo ki faɗi naki ɓangaren. Wallahi zai tafi sosai."

Har ya ɗaga wayar. Hannah ta fizge ta, ta jefa cikin kwata, ta tsaya tana jira ya taɓa ta. Bai taɓa ta ba. Ya naɗe hannun riga yana lalube cikin baƙin ruwa yana cewa zai kai ta ƙara.

Bai kai ba. Bayan kwana uku ya goge hoton, ya rubuta layi biyu cewa "an samu rashin fahimta", ko sunan Yohanna bai sa ba. Amma hoton ya riga ya shiga wayoyin da ba wanda ya san iyakarsu. Hannun ya warke a karkace, ba ya iya murɗa totur ɗin babur da kyau. Ko da wani abokinsa ya ara masa babur ya gwada, fasinja sai su dube shi su ce suna jiran wani. Da damina ta faɗi ya tattara ya koma Dukku noma wurin wansa. Hannah ta zauna a Kontagora saboda makarantar yara.

Kafin ya tafi, Nu'uman ya zo da limamin unguwa neman gafara. Yohanna ya miƙa masa hannun hagu ya ce ya wuce, tsoro ba a yi wa kowa dariyarsa. Hannah tana tsaye a ƙofa, ta shige ɗaki.

Ita da Lailatu sun shirya. Hannah ce ta je har ɗakinta ta roƙe ta a kan maganar da ta faɗa, Lailatu ta ce ai da ba ta ji zafin maganar ba, mai yiwuwa da ba ta iya fita ba. Yanzu tare suke zuwa cefane. Amma Nu'uman, kullum da safe in zai fita yakan tsaya ya ce, "Maman Ruth, ina kwana," ita kuwa ta ci gaba da abin da take yi. Fasto ya kira ta sau biyu ya yi mata wa'azin gafara, ya buɗe mata ayoyi. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji, za ta yi addu'a a kai, amma kada ya sa mata rana.