Saƙo da Sunan Marigayi Kaluba

Bupe na tsaka da ɗinka rigar wata amarya a shagonta na kasuwar Kitwe sai wayarta ta yi ƙara. Imel ne. Sunan da ta gani a kansa ya sa ƙafarta tsayawa cak a kan keken ɗinki: Kaluba, mijinta, wanda ramin haƙar tagulla ya rufta da shi bara.

Saƙon gajere ne, wai ga hotunansu na bakin tafki a Samfya, ta taɓa nan ta gani. Sun kuwa je Samfya, hotunan kuma duk suna cikin wayarsa da ƙasa ta binne tare da shi.

Ta san mamaci ba ya aiko saƙo, amma ta taɓa. Shafi ya buɗe yana neman kalmar sirrinta da hoton katin shaidarta. Ta fara rubutawa. Ta kai rabi sai ta ji ba za ta iya kallon fuskar Kaluba ita kaɗai ba, ta kira Lombe, ƙanin mijinta.

Ko gaisuwa bai amsa ba. "Maman Mwape, ce min ba ki saka kalmar sirrinki ba."

Ta ce yanzu take sakawa. Ya ce ta goge maza. Shi jiya ya saka, yau imel ɗinsa ya ƙi buɗuwa, abokan aikinsa sai kiransa suke suna tambayar asibitin da aka kwantar da shi, domin abin da aka rubuta musu ke nan da sunansa. Ɓarayi ne suka kutsa akwatin imel ɗin marigayin, suka karance tsoffin saƙonninsa, suke bin danginsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta goge, ta canza kalmar sirrinta, ta shiga kiran 'yan uwa. Kowa ya ɗauka ban da surukinta, mahaifin Kaluba, tsohon da ke zaune a unguwar Chimwemwe. Ta rufe shago ta faɗa bas, tana ta kira, wayar na ta ringi.

Ta same shi a gindin mangwaro, ya ɗora katin shaidarsa a gwiwa, yana ƙoƙarin ɗaukar hotonsa. Ba ta san lokacin da ta fizge wayar ba.

"Ɗana ne fa," in ji shi a hankali.

Ta durƙusa ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da katin aljihu, ya shige ɗaki. Sai da aka kwana biyu kafin ya sake yi mata magana.