Sittin ɗin Malam Mika'ilu

Malam Mika'ilu ba ya wuce sittin. Kowa ya san wannan a unguwar Bromakoté ta Abijan, har direbobin gbaka, ƙananan bas ɗin haya, kan leƙo ta taga su tambaye shi ko gawa ya ɗauko. Ba ya ko waiwayarsu. Ranar da marigayi Alhaji Abdulbaqi ya damƙa masa lakile, wato makullin mota, yana saurayi sabon zuwa daga Ƙonni, ya ɗora yatsa a kan maleji ya ce, "Ka ga nan? Iyalina ba sa wuce nan." Alhaji ya daɗe da rasuwa, amma Mika'ilu bai ga dalilin sake doka ba.

Motar tsohuwar Fijo ce fara. Malejinta faffaɗa ne, lambobinsa manya, farare a kan baƙi, ko a wane haske mutum ya saci kallo zai san inda allura take. A cikinta yake kai Hajiya Ruƙayya, matar marigayin, shagonta na atamfa a kasuwar Adjamé. A cikinta ya ɗauko ɗanta na fari, Saifuddeen, daga asibiti yana naɗe cikin zane. Kowace Lahadi kuma da hantsi yakan ƙetara gada da Hajiya zuwa Treichville, wurin yayarta Tsahara wadda ciwon ƙafa ya zaunar.

Bara da damina Fijo ta gaji. Bakanike ya buɗe ta, ya rufe, ya ce a yi mata addu'a kawai. Saifuddeen kuwa ya zama babban mutum, motoci yake shigowa da su daga Amurka ta tashar jirgin ruwa. Ya zaɓo wa mahaifiyarsa wata baƙa mai sheƙi, ya kawo har ƙofar gida.

Mika'ilu ya zagaya ta, ya daddanna tayoyin da ƙafa, sannan ya shiga. Gaban direba cike yake da fitilu da agoguna. Malejin ƙarami ne, ya nutse can cikin rami. A bakinsa lambobi sun jeru har ɗari da sittin. Daga ciki kuma akwai wani zobe ja-ja, dishi-dishi, wanda ya ɗauka ado ne irin na masu ƙera mota.

"Wa zai yi ɗari da sittin a garin nan?" in ji shi. "A kan rufin mutane zai bi?"

"Haka ake yin su yanzu, Baba Mika," in ji Saifuddeen, yana amsa waya.

Mika'ilu ya nemo sittin, ya same ta, ya riƙe wurinta a ransa. Bai sake tambayar komai ba. Ba ya cikin masu tambayar yaron da suka goya yadda ake tuƙi.

Ranakun kasuwa babu abin da ya sauya. Daga Bromakoté zuwa shago, tsakanin masu tura amalanke da buhunan goro da matan da suka baza tumatir har tsakiyar titi, allura ba ta ko ɗaga kai. Lahadi ce daban. Hanya a buɗe, gada fayau, babban titin Treichville kamar an share. Ya taka har allura ta hau sittin, ya tsayar da ita nan.

Jikinsa ya gaya masa wani abu. Turakun fitila suna gilmawa da sauri. Woro-woro, tasin haya da suka saba barin sa a baya, yau shi ke barin su. Amma gilasai a rufe suke, sanyi na busawa, injin ba ya ko tari. Ya duba allura, tana kan sittin. Ya ce a ransa, to, watakila mutanen Abijan sun fara hankali.

"Malam Mika, yau kamar muna sauri," in ji Hajiya daga baya.

"Sittin ne, Hajiya. Motar ce ba ta da nauyi."

Ta yarda, don bai taɓa gaya mata abin da ba shi ba ne.

Sai saƙonnin tarar gudu suka fara shigowa wayar Saifuddeen, da yake da sunansa aka yi takardun motar. Na'urorin da aka kafa a kan titi sun ɗauki hoton lambarta. Da farko ya ce kuskure ne. Da abin ya maimaitu, kuma kullum Lahadi, sai ya zo gidan da la'asar. Ya sami Mika'ilu a ƙofar gida yana goge gilashin gaba. Hajiya na zaune a baranda tana tsince wake.

"Baba Mika, me kake nema a Treichville da ba zai jira ba?"

"Kamar yaya?"

Saifuddeen ya miƙa masa wayar. Mika'ilu bai karɓa ba.

"Faɗi da bakinka."

"Casa'in da shida. Casa'in da biyar. A inda aka ce sittin. Da tsohuwata a cikin motar."

"Injinsu ƙarya yake."

"Kowace Lahadi?"

"To kowace Lahadi yake ƙaryar."

Saifuddeen ya yi wata magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Mika'ilu ya ji ta sarai, ya ajiye tsumman.

"Yi mini Hausa, Saifu. Da Hausa na wanke maka kashi."

"Na ce sabuwar mota takan ɗebi mutum. Ba abin kunya ba ne. Akwai Usama da ke kai mini motoci daga tasha, yana da natsuwa. Kai kuma ka huta, ba abin da za a rage maka."

Maƙwabta biyu da ke alwala a bakin famfo sun daina zuba ruwa. Mika'ilu ya miƙe sosai. Bai ɗaga murya ba.

"Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, ban taɓa wuce sittin da Hajiya ba. Ba a waccan motar ba, ba a wannan ba."

Ba wanda ya taɓa jin ya yi rantsuwa. Hajiya ta ture farantin wake gefe. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta yi maganar tana kallon bango.

"Shi mai wayar ya zo ranar Lahadi ya zauna a gaba. Ido ya gani. Kafin nan kada wanda ya sake ta da maganar."

Kwanakin nan Mika'ilu bai ci abincin kirki ba. Ba ya shakkar kansa. Abin da ke ci masa rai shi ne a ce sai an sa masa mai gadi kafin a yarda da maganarsa. Ya san kuma idan Lahadi ta ƙare ba yadda yake so ba, lakilen ya bar aljihunsa ke nan.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. Ya sa farar jamfa da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Saifuddeen ya zauna kusa da shi, Hajiya a baya da kwanon dambun da ta yi wa yayarta. Suka fita daga Adjamé. Suka ratsa Plateau, shaguna a rufe. Da suka hau gada, ruwan lagun na ƙyalli hagu da dama, Mika'ilu ya taka a hankali har allura ta hau inda ya saba.

"Duba," in ji shi. "Duba da kyau, ka gaya wa injinka."

Saifuddeen ya karkato ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya dafe goshi.

"Baba Mika, rage. Rage sosai. In mun sauka ka tsaya gefe."

Suka tsaya a gaban wani shagon taya da ke rufe. Saifuddeen ya juya wajen mahaifiyarsa, yana dariyar jin kunya.

"Hajiya, gaskiyarsa ne. Allura na kan sittin. Laifina ne." Ya komo kan Mika'ilu. "Motar Amurka ce. Su da mil suke awo, ba kilomita ba. Manyan lambobin nan mil ne. Sittin ɗinsu ya kusa ɗari a namu. Duk wanda na sayar wa mota sai na gaya masa, kai ne ban gaya wa ba. Ka yafe mini."

Mika'ilu ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Bai nuna ba. Ya gyara hula kawai.

"To ina namu awon?"

"Ga shi nan daga ciki, jajayen nan ƙanana. Su za ka riƙa bi. Ka ga ɗari a ƙarƙashin sittin? Namu sittin ɗin ga shi can ƙasa, kafin arba'in ɗinsu."

Mika'ilu ya sunkuya. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa sitiyari. Ya ja da baya. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe. Zoben yana nan yadda ya saba ganinsa, ja, dishi-dishi, babu lamba ko ɗaya a cikinsa.

Yaron ba ya zargin komai, har ya fara neman wani abu a waya. Da Mika'ilu ya ce "na gani", da magana ta ƙare a nan, da lakile ya kwana a aljihunsa. Ya san haka.

"Ba na ganin lamba a nan," in ji shi. "Ja kawai nake gani."

Saifuddeen ya ajiye wayar. Ya kalli malejin, ya kalli tsohon.

"Ƙanana ne ƙwarai," in ji shi a hankali. "Ni ma sai na matsa. Masu ƙera su ba sa tunanin mutane." Sannan ya nuna gaba, inda wani allo mai zagaye ke tsaye a bakin titi, ba nisa. "Wancan fa, me aka rubuta?"

Mika'ilu ya san allon. Ya wuce shi tun kafin a haifi mai tambayar. Ya dube shi. Farin abu ne da jan baki, tsakiyarsa kamar an shafa toka.

"Na san sittin ne. Amma ba gani na yi ba."

Wata gbaka ta wuce da kiɗa, motar ta ɗan girgiza. A baya Hajiya ta gyara murfin kwano, ko da yake a rufe yake.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Ban sani ba, Hajiya. A hankali ya zo. Na ɗauka gilashin ne ba ya gogewa."

Saifuddeen ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ta koma irin ta da, lokacin da yake roƙon a bar shi ya riƙe sitiyari a tsakar gida.

"Baba Mika, ji nan. Manyan kana ganinsu. Kada ka bari allura ta kai arba'in, shi ke nan. Hanyar nan ka fi kowa saninta. Ba wanda zai ji daga bakina. Usama ya zauna inda yake."

"Jiya ka so karɓe lakile ina da gaskiya. Yau kana so ka bar mini ba ni da ido."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Allah Ya yi maka albarka." Ya kalli titi. "Shekaranjiya a bakin kasuwa wata mata ta buga mini bonet da hannu, da goyo a bayanta. Na ce ita ce ba ta duba ba. Yanzu ban sani ba."

Ya kashe motar. Ya zare lakilen, ya riƙe shi ɗan lokaci. Bai ba Saifuddeen ba. Ya juya ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu.

"Daga gidanku na karɓa."

Hajiya ba ta yi saurin karɓa ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Yanar ido ce," in ji ta. "Irin ta Yaya Tsahara. An cire mata a nan Treichville, yanzu da kanta take tsince shinkafa, har tana ganin laifin kowa. Gobe za a kai ka wurin likitan."

"In kuma ba ita ba ce?"

"In ba ita ba ce, sai mu ji daga bakin likita, ba daga bakinka ba." Ta karɓi lakilen, ta miƙa shi gaba ba tare da ta kalli ɗanta ba. "Ungo. Aro na ba ka. Ka ji ko? Aro."

"Na ji, Hajiya."

Mika'ilu ya buɗe ƙofa ya fita. Rana ta dake shi. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, suka yi kiciɓis da Saifuddeen a tsakiya, yaron ya kauce ya ba shi hanya. Ya shiga ɗaya gefen. Kujerar ta yi masa baya da yawa, bai san inda ake matso da ita ba, bai kuma tambaya ba.

"Dambun nan zai huce," in ji Hajiya.

Saifuddeen ya ta da mota, ya hau titi a hankali. Mika'ilu ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ɗora su a cinya, ya ɗauke, ya sake ɗorawa. Da suka doshi mahaɗar da ake karyawa zuwa gidan Tsahara, ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa da ƙarfi, inda babu birki.