Rufin da Ya Kurmance

Duk wanda ya taɓa hawa bayan motar kasuwa a ƙasar Damargu ya san yadda ake tsayar da direba. Ba a kiran suna, don iska ce za ta kwashe maganar. Tafin hannu ake ɗagawa a buga rufin gidan direba, bam bam bam, shi kuma ya taka birki. Mai fitsari haka yake yi, wadda tunkiyarta ta kwance haka take yi, wanda ya iso mararrabar garinsu ma haka. Mailafiya makanike ya san wannan tun yana rarrafe. Abin haushin shi ne, ranar da ya kamata ya tuna, ranar ce ya manta.

Garejinsa na bayan tashar Tanut, kuma a gaskiya hannunsa na da kyau, sai dai mutumin akwai son a yaba. Wata Talata abokinsa Abdurrazak, mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Tanut da Olelewa, ya kawo tsohuwar akori-kurarsa yana mita.

"Mailafiya, motar nan za ta kashe ni. Man gazuwal take sha kamar raƙumin da ya keto hamadar Tenere. Ga ƙara, in na koma gida sai na ɗaure kai da rawani."

Kwana huɗu motar ta yi a gareji. Mailafiya ya kwance pompin mai ya daidaita shi, ya wanke bakunan fesa mai, ya sake matatar iska da rairayi ya toshe, ya ɗinke salansar da ta tsage. Iyakar abin da aka sa shi ke nan. Da ya tsaya nan da lafiya lau. Amma sai ƙwarewa ta motsa. Ya ɓare kyallen da ke lulluɓe da cikin rufin, ya shafe ƙarfen da kwalta, ya manna robar tsohuwar taya, ya bi da soson katifa ninki biyu, ya mai da kyallen kamar ba a taɓa ba. Haka ya yi wa ƙofofi da bangon da ke bayan kujera.

Da Abdurrazak ya shiga ya ta da inji, sai ya riƙe baki. "Kai! Wane asiri ka yi mata?"

"Notuna na ɗaure kawai," in ji Mailafiya, yana goge hannu. Ba ya son sirrin ya fita, kada makanikan tasha su kwaikwaya.

Mako biyu Abdurrazak bai bar kowa ya sha ruwa ba. Kowa ya gani sai ya faɗa masa cewa tafiyar da ke cin lita talatin yanzu ashirin da biyu ce. Har ya ƙara da nasa ilimin, wai yawan tsayawa da tashi shi ke shan mai. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a teburin mai shayi, kuma kunnuwa sun ajiye.

Sai ranar kasuwar Olelewa, a hanyar dawowa. An loda buhunan hatsi, mutane sun hau bisa. A cikinsu akwai wani dattijon Buzu, Aghali, mai sayar da cuku, zaune a bakin gefe. Motar ta faɗa rami, igiyar da yake riƙe ta tsinke, ya yo ƙasa. Maza wajen shida suka hau dukan rufi da hannu bibbiyu, mata na salati. Abdurrazak ya rufe gilasai saboda ƙura, yana tafe abinsa cikin natsuwa. Sai da aka yi kusan kilomita uku wani ya zura sanda ya doki gilashin gabansa. Da suka koma, sun tarar da tsohon kwance cikin rana, cinyarsa ta karye.

"Wallahi ban ji ba," in ji Abdurrazak. Wa zai yarda? Mutum shida na dukan kwano a saman kanka ka ce ba ka ji ba? Nan da nan aka tuno maganarsa. Aka ce ƙyashin gazuwal ya hana shi tsayawa, ya fi son lita guda da ran Musulmi. Fasinja suka ƙaurace wa motarsa. Alhaji Mukhtar, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya ce ranar Asabar ta sama za a zauna, kuma kowa ya san hukuncin: za a cire shi daga layin Olelewa, layin da yake ci da iyalinsa shekara goma sha ɗaya.

Mailafiya ya gane tun a daƙiƙar da labarin ya shigo gareji. Sifanar da ke hannunsa ta faɗi. Amma ya ɓoye abin a ransa. Ya ce wa ransa ai ba shi ya tsinke igiya ba, ba shi ya haƙa ramin ba. Ya ce in ya yi magana, wa zai sake kawo masa mota, a ce ga makaniken da ya karya tsoho? Duk wannan lissafin bai yi masa amfani ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko yaro ya buga tsohuwar gwangwani a bayan gareji sai gabansa ya faɗi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Abdurrazak wurinsa yake zuwa neman sanyi. Zai zauna a kan tsohuwar taya ya yi tagumi.

"Kai ka san ni, Mailafiya. Anya ba kunnena ne ya lalace ba? Jiya na sa uwar yara ta yi mini raɗa daga ƙofar ɗaki, kuma na ji ta sarai."

"Allah zai fid da kai," in ji Mailafiya, kansa cikin injin wata motar. Ya ji kunyar kansa har ya rasa inda zai sa ido.

Ranar Juma'a ya sayi sukari da ganyen shayi ya tafi gidan maɗori, inda Aghali ke jinya. Tsohon na kwance a tabarma, an ɗaure ƙafar da karare. Ya karɓi gaisuwa da fara'a, bai san dalilin ziyarar ba.

"Faɗuwa ƙaddara ce, ɗana, ban riƙe kowa ba. Abu guda ke damuna. Ina kwance ina jin bugun daga nesa, ni da ke ƙasa ina ji. Na daɗe ina shiga motar yaron nan, yana ce mini baba. Me na yi masa?"

Mailafiya bai iya shanye shayin da aka miƙo masa ba.

Ranar Asabar direbobi suka cika rumfar tasha. Abdurrazak ya sake rantsuwa, aka sake yin tsaki. Alhaji Mukhtar ya gyara murya ke nan Mailafiya ya miƙe.

"Alhaji, a yi mini gafara. Kafin a yanke, ina roƙon ka shiga motar nan, ka rufe gilasai, ka ta da inji. In ka ji na buga, ka kashe."

Alhaji ya dube shi sheƙeƙe, amma ya shiga. Mailafiya ya haye baya. Ya ɗaga hannu ya buga. Ya ƙara. Ya dunƙule hannu biyu ya yi ta kirɓar rufin har masu tallan goro suka taru, har fatar yatsunsa ta salaɓe. Duk tashar na ji. Alhaji kuwa na zaune a ciki yana jan carbi. Can ya gaji, ya sauke gilashi ya leƙo.

"To, malam, sai yaushe za ka fara?"

Babu wanda ya yi dariya. Mailafiya ya sauko, ya buɗe ƙofa, ya sa wuƙa ya keta kyallen. Soso da baƙar roba suka leƙo.

"Aikina ne. Bai sa ni ba, bai kuma sani ba. Ni na ce masa notuna na ɗaure."

Rumfa ta kaure da surutu, amma Mailafiya mutum guda yake kallo. Abdurrazak ya matso, ya taɓa soson, ya daɗe yana murza shi da yatsu.

"Kwana tara ina zuwa garejinka," ya ce a hankali. "Ina tambayarka ko na kurmance."

"Haka ne."

"Kuma kai kana ji na."

"Ina jin ka."

Abdurrazak bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Cire mini shi duka. In ka gama, kai za ka je ka faɗa wa Baba Aghali da bakinka."

Nan a tsakiyar tasha, cikin rana, Mailafiya ya durƙusa bisa kujerar direba yana kankare kwalta da hannun da ke jini. Da ƙarfe ya fito fili, wani ya ɗan taɓa rufin da tafi don gwaji, ba ma da ƙarfi ba. Ƙarar ta cika masa kai har ya runtse ido.