Kan Fidar Abba

"Minti arba'in da biyu ke nan, Inna," in ji Bahijja tana duban wayarta, "kuma ko rabi bai sha ba."

"Ke dai miƙo min mijina. Ku 'yan boko har shan nono sai kun sa wa yaro agogo."

Bahijja ta miƙa wa surukarta jaririn. Watansa huɗu, sunan marigayi mijin Inna ya ci, Kailani, shi ya sa ita Bahijja take kiransa Abba, Inna kuwa mijinta take ce masa. Yana shiga hannun kakarsa ya cafki kan fidar kamar zai cinye ta, ya zuƙa, ya zuƙa, har zufa ta tsatso a ɗan goshinsa. Can sai ya ture ta da bayan hannu ya fashe da kuka.

Kwana tara ana haka. Kullum Inna ke tasowa daga Gyallesu da safe don su saba da juna, domin ran Litinin Bahijja za ta koma jami'a a harabar Kongo, shekararta ta ƙarshe a karatun lauya. Nonon da take tatsa tana ajiyewa shi zai riƙe Abba har ta dawo. Da can yana karɓar fida lafiya lau, yanzu da aka fi bukata ya ƙi. Yau ga shi Juma'a. Ta riga ta ƙulla a ranta cewa in bai sha a hannun Inna ba, za ta ɗage karatun sai baɗi, ta zauna tana kallon ƙawayenta suna saka baƙar rigar lauyoyi a hoto.

Ba abin da ba a faɗa ba. Maƙwabciya ta ce haƙori ne. Inna ta ce ƙamshin uwarsa yake nema, har ta yafa mayafin Bahijja tana ba shi, bai yarda da wayon ba.

Ana cikin kukan Sharfaddeen ya yi sallama, ya dawo daga masallaci zai ci abinci ya koma shagonsa na gyaran janareta. Ko da farar shaddar Juma'a a jikinsa, ƙamshin turarensa bai gama danne warin fetur ba, Bahijja kuwa ta daɗe da daina bambance su, dukansu shi ne. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya roƙi a sake ba yaron fidar. Bai dubi fuskar ɗan ba. Kunnensa ya kawo kusa da bakinsa, ya lumshe ido, yadda yake yi in an kawo masa injin da ke tari.

"Barista," ya ce da matarsa, "injin nan ba ya samun mai."

"Injiniya, ɗan nawa ne inji?"

Ya nuna mata robar kan fidar. Ta lanƙwashe ta manne da kanta saboda ƙarfin zuƙa. Ya ce haka janareta yake in hanyar mansa ta yi masa kaɗan, zai yi ta gurnani yana ja, ya gaji ya mutu, mai shi ya yi ta zagin inji alhali yunwa ce. Ya kife fidar, suka zuba ido su uku. Sai da aka jima ɗigo ɗaya ya faɗo.

Inna ta ce ai in wannan ne magana ta ƙare, a ɗauko mata allura da ashana, haka suke buɗe ramin tun kafin a haifi su Bahijja. Sharfaddeen ya ce yana da wata siririyar waya a shago da ta fi allura daidai. Bahijja ta fizge fidar ta rungume. Ta taɓa ganin ɗan wata ƙawarta ya ƙware a kan hudajjen kan fida, madara na fita ta hanci, idonsa ya yi ja. Cikin ladabi, kanta a sunkuye, ta ce a yi mata haƙuri, ba wanda zai huda komai.

Bayan la'asar ya ɗauke ta a babur zuwa shagon Gladys, inda suka sayi kayan haihuwa. Gladys haifaffiyar Tudun Wada ce, Hausarta ta fi ta wasu Zagezagin daɗi. Ta karɓi robar ta juya, ta nuna musu wata 'yar lamba ɗaya a gindinta wadda ba wanda ya taɓa lura da ita, ta yi dariya har tana dafa kantar shagon.

"Amarya, wannan ta ɗan kwana bakwai ce. Kin sa gwarzo yana shan ruwa da tsinke."

Sharfaddeen ya ce to a ba su mai lamba uku a huta gaba ɗaya. Gladys ta ce ba a tsallake. Ta kuma ce ba watanni kaɗai ake dubawa ba, 'yarta Chinonye ta kai wata shida a kan lamba ɗaya ba ta taɓa ƙorafi ba. Yaro ake kallo: in yana daɗewa bai ƙoshi ba, yana fushi, roba na lanƙwashewa, a ƙara masa. In aka ƙara kuma aka ga yana tari, ko nono na zuba ta gefen bakinsa, a koma baya ba kunya. Ta ce a zaunar da shi a ɗan miƙe, kada a kwantar. Ta ba su lamba biyu.

A gida Bahijja ta tafasa sabon kan, ta ɗumama nono a ruwan zafi, ta gwada a bayan hannunta. Har ta zauna za ta ba shi, sai ta fasa. Ba a hannunta ake son ya sha ba. Ta miƙa wa Inna, ta fita ta laɓe bayan labule tana leƙe, mijinta a bayanta.

Zuƙar farko Abba ya zaro ido. Ya saki, ya yi tari sau ɗaya. Bahijja ta damƙi hannun Sharfaddeen har faratanta suka shige. Inna ta ɗan ɗago shi tana masa kirari ƙasa ƙasa, ta mayar masa. Sai suka ji wani sauti da suka manta da shi, ƙwat, ƙwat, ya numfasa, ya ci gaba. Gefen bakinsa a bushe. 'Yan yatsunsa da suka saba dunƙulewa suka buɗe a kan zanin kakarsa. Kafin Sharfaddeen ya gama ƙirga minti goma sha biyar, fidar ta koma wayam, aka saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa irin ta magidanci.

Bahijja ta ji hawaye na bin kumatunta. Mijinta ya tambaye ta ko na murna ne. Ta ce rabi. Ɗaya rabin kuwa, yaron nan ko waiwayowa bai yi ya neme ta ba.

"Ni ina neman ki," ya ce a kunnenta.

Ta ture shi da gwiwar hannu, saboda Inna na ji.

"Fito, mai laɓe," in ji Inna daga ɗaki. "Ni da mijina mun shirya. Ke kuma sai ki san inda za ki nufa da safen Litinin."

Bahijja ta goge fuska da gefen mayafi, ta shiga ta tsuguna, ta sumbaci tafin ƙafar ɗanta da barci ya fara ɗauka. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago.

"Inna, ran Litinin ƙarfe bakwai zan bar miki shi. Makaranta zan koma."