Barewar da Ta Bi Wani Sarki

Ranar da Kawu Yunus ya so ya ba da dorinata, tun bayan azahar yake rawa a gidan. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, da tumbinsa, yana zagaye falo a kan yatsun ƙafa yana cewa, "Filoriyanus, ya jama'a. Yau Filoriyanus zai zama ɗan unguwarmu ta Zahir."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A gidansa nake zaune, hawa na uku, tare da kakata Ummulkhairi da muke kira Sitti. Lokacin aikin Hajji yana yi wa alhazai jagora a Mina, sauran watanni yana tuƙa tasi. Abin da ya fi so kuwa shi ne tara tsoffin sulallan sarakunan Rum, amma na ƙarni na uku kawai. Ya ce sarakunan wannan ƙarni ba sa daɗewa, kafin ka koyi sunan wannan sojoji sun ɗora wani, shi ya sa tara su ke da daɗi. Yana da tire huɗu masu ramuka, kowane rami da sulensa.

Sitti ta yarda da zamansu a gidan bisa sharaɗi ɗaya. Kowane sule yana ɗauke da fuskar mutum, ita kuma ba ta son fuskoki a ɗakin da take salla, don haka sai a kifa su. Kawu ya ce mata ai bayan ma akwai hotuna, har da dabbobi. Ta ce dabba dai ba ta taɓa cewa ita sarki ce ba. A nan magana ta tsaya.

Ni nake goge tirorin duk Alhamis, shekara shida ke nan, kuma bayansu kaɗai nake gani. Karatuna bai wuce firamare ba, rubutun da ke zagaye da su ban san me yake cewa ba. Amma na san wanda ke zaune a kowane rami, don Kawu ba ya gajiya da faɗa. Layin sama na tire na biyu duk na sarki Galiyanus ne: barewa, damisa, akuya, da doki mai fukafukai. Dorina, dabbar ruwan nan, tana tire na farko. Ta matar wani sarki ce da ake kira Filibus Balarabe. Azurfa ce, ƙafafunta gajeru, ta ɗaga kai kamar an kira ta cin abinci. Ita nake fara gogewa. Ban taɓa gaya wa kowa tawa ce ba, amma tawa ce.

Abokin Kawu, Majid Abu Nawaf na unguwar Shisha, shi ne ya sami sulen Filoriyanus, sarkin da bai cika wata uku a kan mulki ba. Sun shirya musaya: Majid ya ba da sarkin, Kawu ya ba da dorina. Da na ji, na tashi. Na shiga kicin na zuba hel, kayan ƙamshin nan, sau biyu a gahawa.

Bayan la'asar baƙon ya iso. Na ƙwanƙwasa ƙofar majalisar maza, Kawu ya karɓi gahawa ta gefen labule, na koma. Ba a yi minti biyar ba sai ga Kawu ya faɗo ɗakin Sitti da sule a tafin hannu, yana haki.

"Ummi, dubi gemun nan. Don Allah dubi gemun nan."

"Kifa shi," in ji Sitti, ba ta ma ɗago daga carbinta ba.

"Ummi, baƙo ne, yanzu ya shigo."

"Baƙon ma ya kifu."

Ya kifa shi a kan tebur, ya juya yana neman dorina a tire na farko. Na leƙa bayan sabon sulen. Sai na ga barewa tana tafiya hagu, da dogayen ƙaho, da wata 'yar alama kamar ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafunta. Dariya ta taso mini daga ciki, irin wadda ke zuwa idan ka ga maƙwabciyarku a bikin da ba a gayyace ta ba.

"Ai wannan barewar Galiyanus ce," na ce. Amma muryata ko ni da ƙyar na ji ta. Kawu ya naɗe dorina a tishu, ya ɗauki sarkinsa, ya fita yana waƙa.

Sitti ta kalle ni. "Me kika ce, ya binti?"

"Ba komai, Sitti."

"Kin ce wani abu. Kunnena bai mutu ba. Idan dorinar nan ta sauka daga benen nan, kada ki zo kina jiƙa mini mayafi. Yalla, tashi."

Na tashi. Daga ɗakin Sitti zuwa majalisa taku tara ne, na yi su, ga dariyar ta ƙi barina. A rayuwata ban taɓa yi wa baƙo namiji magana ba. Na tsaya bayan labule na buɗe baki, abin da ya fito wani siririn sauti ne kamar na butar shayi.



"Wane ne?" in ji baƙon.

"Dalal ce, 'yar yayata Manal. Ba ta magana."

"To ga shi tana ƙoƙari, ya Yunus. Bar ta."

Na riƙe labulen da hannu biyu. "Kawu, kada ka bayar tukuna. Barewar da ke bayan sulen nan ba ta wannan sarkin ba ce. Ta Galiyanus ce. Tana rami na farko a tire na biyu, har da ƙugiyar ƙasan. Ban taɓa ganin ta bi wani sarki ba."

Ina gama faɗa dariyar ta kuɓuce mini. Na toshe baki da mayafi, abin ya ƙi.

"Dariya take mana?" in ji Majid.

"Haka take idan ta ji tsoro. Dakata." Na ji ƙarar sule a kan faranti, an juya shi. Sai Kawu ya ce, a hankali, "Abu Nawaf, ka taɓa duba bayansa?"

"Na ga akwai dabba."

"Sarki huɗu ne tsakanin Galiyanus da Filoriyanus. Me barewar take yi a nan?"

"Ƙila ta daɗe a duniya."

Kawu ya fito da gudu, ya kusa ture ni, ya dawo da tire na biyu da madubinsa mai ƙara girma. Ta 'yar kafar labule na ga kawunansu biyu sun haɗu a kan faranti. Suka jera barewar gida da barewar baƙo. Sannan Kawu ya tsayar da sulen a kan gefensa ya sa madubi.

"Ga layi nan," ya ce. "Ya zagaye shi duka. Zuba shi aka yi a mazubi, aka manna fuskar wani da bayan wani."

Majid ya karɓi madubin ya duba. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya jingina da matashi ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"Wallahi sati uku ina kallon gemun nan. A intanet na same shi. Na nuna wa matata Ummu Nawaf, na nuna wa mai aski. Ba wanda ya ce mini juya."

"Ni ma gemun nake kallo," in ji Kawu. Ya yi ajiyar zuciya, ya kalli sulen kamar mai sallamar alhaji a filin jirgi. "Ya tafi tun bai zauna ba. A duniya ma haka ya yi." Sai shi ma ya kama dariya, ni a bayan labule ina tayawa, Sitti daga ɗaki tana tambayar ko aljanu ne suka shigo.

Hannun Kawu ya fito ta gefen labule da ƙullin tishu. "Ungo, mai da ta raminta. Kuma daga yau ba abin da zai shiga tiren nan sai kin ga bayansa."

Na karɓa. Har da ɗumin hannunsa a jikinta. Na juya zan gudu, sai baƙon ya ce, "Ya binti, tsaya. Akwai wasu guda uku a aljihuna, yanzu duk na daina yarda da su."

Faranti ya lallaɓo ta ƙarƙashin labule, da sulalla uku a kife. Na durƙusa, dorina a dunƙule a hannun hagu. Na farko mace ce a tsaye da sikeli, na san ta. Na biyu mutum biyu ne suna musafaha.

"Waɗannan biyun lafiyarsu lau," na ce, kuma a wannan karon muryata ta fito. "Na ukun nan kuwa, Kawu, miƙo mini madubi."